An sha kashi sau biyar, an kori ɗan wasa ɗaya: Rikicin da ya biyo bayan faɗuwar Ingila a kurket

A ranar 5 ga Janairun 2014, a birnin Sydney, tawagar kurket ta Ingila ta kammala ɗaya daga cikin ziyarori mafi muni a tarihinta. Wasa biyar ta buga da Ostireliya, kuma a duka biyar ɗin an lallasa ta. Na ƙarshen ma, wanda aka ware wa kwana biyar, a kwana uku aka naɗe tabarma. Wata guda bayan haka, ranar 4 ga Fabrairu, Hukumar Kurket ta Ingila da Wales, wato ECB, ta sanar da cewa ta raba gari da Kevin Pietersen, ɗan wasan da ya fi kowa a tawagar tara maki a wannan ziyara. Kyaftin Alastair Cook ya ci gaba da riƙe muƙaminsa. Hukumar kuma ba ta fito ta faɗi laifin da Pietersen ya aikata ba.

Fiye da shekara goma ke nan, amma har yau idan aka tada wannan zance a tsakanin masu bibiyar kurket a Birtaniya sai an rabu gida biyu. Gardamar ta daɗe da wuce batun ko Pietersen mutumin kirki ne. Abin da ake ja a kai shi ne yadda hukuma ke rabon laifi idan aikin da mutane da yawa suka sa wa hannu ya lalace.

Wasan da kyaftin ke ɗaukar kayansa

Kurket wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum 11. Ɗaya tana jifa, ɗaya tana bugu. Mai bugu yana tsayawa a gaban sanduna uku yana kare su, yana kuma neman maki ta hanyar dukan ƙwallo da gudu tsakanin gefe biyu na filin jifa. Idan ƙwallo ta taɓa sandunan, ko aka cafe ta a sama bayan ya doke ta, ya fita. Da zarar an fitar da mutum goma, zubin wannan ƙungiya ya ƙare. A nau'in wasan da ake kira Test, wanda shi ne mafi daraja, kowace ƙungiya tana da zubi biyu cikin kwana biyar.

Inda kurket ya sha bamban da ƙwallon ƙafa shi ne matsayin kyaftin. Koci ba ya tsayawa a bakin fili yana ihu. Kyaftin ne ke zaɓar wanda zai yi jifa da lokacin da za a sauya shi, shi ke tsara inda kowane mai tare ƙwallo zai tsaya, kuma yana yin haka wajen awa shida a rana, kowa na kallonsa. Saboda haka idan aka faɗi, shi ake fara nunawa da yatsa.

Gasar da ke tsakanin Ingila da Ostireliya kuwa, wadda ake kira Ashes, ma'ana toka, ta samo sunanta ne tun 1882, lokacin da Ostireliya ta doke Ingila a Landan, wata jarida ta buga ta'aziyyar zolaya cewa kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙona gawar a kai tokar Ostireliya. Babu gasar da ƙasashen biyu suka ɗauka da zafi kamarta. Kafin ziyarar 2013 zuwa 2014, Ingila ta lashe ta sau uku a jere: a 2009, da 2010 zuwa 2011, da kuma bazarar 2013, inda ta ci wasa uku ba ko ɗaya a gida. Ta sauka Ostireliya ana mata kallon wadda za ta ƙara na huɗu.

Yadda gini ya rushe

A ranar farko a Brisbane kamar haka za a yi. Ingila ta fitar da mutum shida na Ostireliya a kan maki 132 kacal. Sai Brad Haddin da Mitchell Johnson suka tsaya suka ja ƙungiyarsu zuwa 295. Washegari Ingila tana da maki 82, mutum biyu kaɗai suka fita, sai aka fitar mata da shida a kan ƙarin maki tara. An doke ta da ratar maki 381, kuma daga nan ba ta sake miƙewa ba.

Johnson shi ne ya zama dodon ziyarar. Mutum ne da magoya bayan Ingila suka yi wa waƙar zambo shekara uku kafin nan saboda jifansa ba ya saiti, ba a ma sa shi cikin tawagar Ashes da ta je Ingila a bazarar 2013 ba. Ya dawo yana jifa da hagu, ƙwallo na gudun da ya kusa kilomita 150 a awa, tana tashi daga ƙasa ta nufi haƙarƙari da maƙogwaro. Ya fitar da masu bugu 37 a wasa biyar. Haddin kuma ya tara maki 493, yawancinsu a daidai lokacin da Ingila ke zaton ta kama bakin zaren.

Daga nan tawagar ta riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Jonathan Trott, wanda ya daɗe yana riƙe da gurbi na uku a jerin masu bugu, ya koma gida bayan wasan farko saboda larurar damuwa. Graeme Swann, gwanin jifan murɗe da ya fitar da mutum 255 a wasannin Test, ya yi ritaya a tsakiyar ziyara, bayan an rasa kofin a Perth. Mataimakin kyaftin, Matt Prior, an ajiye shi a wasa biyu na ƙarshe. Cook da kansa, wanda ya tara maki 766 a wannan ƙasa shekara uku kafin nan, 246 ya samu a wannan karon, kuma a wasansa na 100 a Perth, jifan farko na Ryan Harris a zubi na biyu ya tsinke masa sanduna. Mutum ɗaya tak ya ci wa Ingila maki 100 a zubi guda a ilahirin gasar, wani sabon shiga mai shekara 22, Ben Stokes.

Akwai kuma abubuwan da suka fi ƙarfin 'yan wasa. Hukumomin ƙasashen biyu ne suka amince a buga gasar sau biyu a jere, wasa goma na kwana biyar-biyar tsakanin Yuli da Janairu, don a kauce wa karo da Kofin Duniya na 2015. Masu zaɓen tawaga sun tafi da dogayen masu jifa uku, Chris Tremlett da Boyd Rankin da Steven Finn, bisa lissafin cewa filayen Ostireliya sun dace da su, suka bar Graham Onions a gida duk da cewa yana kan ganiyarsa a gasar cikin gida. Tremlett wasa ɗaya ya buga, Rankin ɗaya, Finn ko ɗaya, daga baya ma aka mayar da shi gida saboda jifansa ya rikice gaba ɗaya a hannun masu horarwa. Tun kafin a fara wasa jaridun Ostireliya suka samu wani kundi mai shafi 82 da Ingila ta aika wa masu masauki, na irin abincin da za a girka wa 'yan wasanta. An yi dariya a lokacin. Bayan an sha kashi sai kundin ya zama shaidar masu cewa tawagar ta cika tsari da ma'aikata har ta manta da wasan kansa.

Duk wannan yana gaban hukumar lokacin da ta zauna rabon laifi.

Mutumin da ya dace da tuhuma

An haifi Pietersen a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu a 1980, mahaifiyarsa Baturiyar Ingila ce. Ya fara buga wa Ingila Test a 2005, kuma maki 158 da ya ci a filin Oval a wannan shekarar su suka tabbatar wa ƙasar kofin Ashes bayan dogon jira. Ya buga Test 104, ya tara maki 8,181, ya kai 100 sau 23. A lokacin da aka sallame shi babu wanda ya kai shi ci wa Ingila maki idan aka haɗa duk nau'o'in wasan.

Sai dai tarihinsa da shugabanni ba mai daɗi ba ne. An ba shi kyaftin a 2008, ya samu saɓani da koci Peter Moores, a Janairun 2009 dukansu biyu suka rasa muƙamansu. A 2012, ana tsaka da gasa da Afirka ta Kudu, aka gano ya aika wa wasu 'yan wasan abokan hamayya saƙonnin waya da suka shafi kyaftin ɗinsa, Andrew Strauss. Ya amsa cewa saƙonnin na tsokana ne, ya nemi afuwa, an ajiye shi duk da cewa ya ci 149 a wasan da ya gabata. Strauss ya yi ritaya a ƙarshen wannan gasa. Abin da ake yawan mantawa shi ne Cook ne, da ya karɓi ragama, ya nemi a dawo da Pietersen. Ya kuma ci ribar hakan nan take: maki 186 da Pietersen ya ci a Mumbai sun taimaka wa Ingila ta lashe gasa a Indiya karon farko tun 1985.

A Ostireliya ya tara 294. Lamba ce ƙarama ga mai irin darajarsa, amma ta fi ta kowa a tawagar. Abin da ya harzuƙa masu suka shi ne yadda yake fita. A Adelaide an ajiye masa masu tare ƙwallo a inda aka san yana son bugawa, ya buga can ɗin aka cafe. A Perth ya nemi ya tsallakar da ƙwallo bayan fili aka cafe ta a bakin iyaka. Masu kare shi suka ce da wannan ganganci ya ci wa Ingila wasanni shekara tara, ba a taɓa ƙin karɓar makin ba.

Bayan wasa na huɗu a Melbourne, wanda Ingila ta fara da rinjayen maki 51 sannan ta zubar, 'yan wasa sun yi taro su kaɗai ba tare da masu horarwa ba. Bisa bayanin da Pietersen ya bayar daga baya, an nemi kowa ya faɗi abin da ke ransa, shi kuma ya soki salon koci Andy Flower da cewa ya cika takura, sai maganar ta koma kunnen Flower. Daga nan alaƙar da dama tsamin gare ta ta ƙarasa lalacewa.

Flower ya sauka ranar 31 ga Janairu, ba da jimawa ba hukumar ta ba shi wani babban aiki na kula da horar da masu tasowa. Graham Gooch, mai horar da masu bugu, ya rasa aikinsa bayan wasu watanni. A cikin 'yan wasa kuwa, mutum ɗaya aka rufe wa ƙofa da sanarwa. Wanda ya jagoranci yanke hukuncin shi ne Paul Downton, tsohon ɗan wasan Ingila da ya shafe shekaru a harkar hada-hadar kuɗi a Landan, wanda kwanaki kaɗan ke nan da kama aikin manajan darakta. Ya kalli wasan Sydney, daga baya ya ce bai taɓa ganin ɗan wasan da hankalinsa ya bar fili kamar Pietersen a wannan wasa ba.

Hukunci ba tare da takardar tuhuma ba

Hukuma tana da ikon ajiye kowane ɗan wasa. Ba a bin ƙasa bashin gurbi a tawaga, kuma akwai hujja mai ƙarfi a ce mutum mai shekara 33, mai ciwon gwiwa, wanda ya samu saɓani da koci biyu da kyaftin guda, ba da shi za a gina sabuwar tawaga ba. Da ECB ta faɗi haka ƙarara, da an yi surutu na mako biyu an wuce wurin.

Abin da ta yi daban ne. Ta ƙulla yarjejeniyar yin shiru da Pietersen har zuwa kaka, sannan ta fitar da sanarwa tare da ƙungiyar 'yan wasa tana magana a kan amana da buƙatar kowa ya mara wa kyaftin baya, kalaman da ke nuna an yi wani babban laifi ba tare da an ambace shi ba. A cikin sanarwar ta yi ƙorafi a kan sukar da ke fitowa daga mutanen da ta kira 'yan wajen kurket. Da alama ɗan jarida Piers Morgan, abokin Pietersen, take nufi, amma dubban magoya baya da suka kashe kuɗinsu suka bi tawagar har Ostireliya sun ɗauka da su ake. Har Firaminista David Cameron sai da aka tambaya a rediyo, ya ce yana ganin masu goyon bayan Pietersen suna da hujja. A watan Mayu kuma Downton da hukumar suka nemi afuwar Pietersen saboda wasu kalamai da Downton ya yi a rediyon BBC, waɗanda suka saɓa wa yarjejeniyar da hukumar da kanta ta nema.

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin ladabtarwa ya san abin da ya ɓace a nan. Ana rubuta wa mutum tuhuma, a ba shi wa'adi ya amsa, a ajiye amsar a fayil. Wannan tsari yana kare wanda ake tuhuma, amma ya fi kare wanda ya sa hannu a takardar kora, domin ranar da aka tambaye shi dalili yana da abin nunawa.

Wanda ya rasa wannan kariya shi ne Cook. Downton da shugaban masu zaɓe, James Whitaker, ba kullum suke gaban 'yan jarida ba. Kyaftin kuwa dole ya zauna gabansu kafin kowane wasa da bayansa, kuma an hana shi bayani. Babba juji ne, amma wannan juji an ɗaure masa baki. Shugaban hukumar, Giles Clarke, ya ƙara dagula lamarin da ya ce Cook da iyalinsa su ne irin mutanen da ake so kyaftin ɗin Ingila da iyalinsa su kasance. Yabo ya yi nufi. Abin da jama'a suka ji shi ne an riƙe ɗan gida mai ladabi, wanda ya tashi yana waƙar coci a Landan, an kori baƙo mai zanen jiki da lafazin Afirka ta Kudu.

Ana cikin haka sai ainihin tambaya ta nutse, wato ko Cook ya iya jagoranci a fili. Masu suka, musamman Shane Warne, sun daɗe suna cewa yana jiran abokin hamayya ya yi kuskure maimakon ya tilasta masa. A Yunin 2014 Siri Lanka ta doke Ingila a Leeds ta lashe gasar, Warne ya bayyana jagorancin Cook a rana ta huɗu da cewa shi ne mafi muni da ya taɓa gani. Indiya ta biyo baya ta ci a filin Lord's. Amma a lokacin duk wanda ya soki Cook sai a ce ɗan ɓangaren Pietersen ne, duk wanda ya kare shi a ce ɗan koren hukuma ne. Cook ya tsira da ƙyar, ya ci 95 a Southampton, Ingila ta juya gasar ta doke Indiya uku da ɗaya.

Kallon taga da fito

A Oktoban 2014 wa'adin shiru ya cika, Pietersen ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa. A ciki ya yi zargin cewa wasu manyan masu jifa tare da Prior sun mayar da ɗakin 'yan wasa wurin cin zali, har ana tilasta wa wanda ƙwallo ta kuɓuce masa ya nemi gafara. Swann ya ce ƙage ne tsagwaronsa. Sai dai tsohon kyaftin ɗin Ostireliya, Ricky Ponting, ya ce ya sha ganin 'yan Ingila suna yi wa junansu tsawa a fili idan an yi kuskure. Pietersen ya kuma tuna da wani shafin Twitter na bogi da aka buɗe a 2012 ana yi masa ba'a, wanda ya yi imani wasu abokan wasansa suna da masaniya a kai, kuma ba a hukunta kowa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A makon ne wata takarda da aka shirya wa lauyoyin hukumar ta faɗa hannun 'yan jarida. Ta jero abubuwan da aka ce Pietersen ya yi a Ostireliya. Wasu suna da nauyi, kamar zargin zagin koci da kushe abokan wasa. Amma a ciki har da cewa yana kallon taga yana duba agogo lokacin da ake taro, da cewa ya yi fito bayan an fitar da shi a Sydney. Hukumar ta ce daftari ne da ba a kammala ba. Wannan bai hana mutane tambayar wane ne aka sa ya riƙa rubuta inda idon ɗan wasa ke kallo alhali Johnson na karya sanduna ba, da kuma ko an buɗe wa wani irin wannan fayil.

Ba a ga makamanciyar wannan takarda a kan wanda ya amince da wasa goma cikin wata shida ba, ko wanda ya zaɓi masu jifa uku da suka buga wasa biyu a tsakaninsu, ko yadda aka yi babu wani shiri na tunkarar jifan Johnson bayan Brisbane.

Waɗanda suka yanke hukuncin ba su daɗe ba. Moores, wanda aka dawo da shi koci a Afrilun 2014, da Downton, dukansu sun rasa aiki bayan Bangaladash ta fitar da Ingila daga Kofin Duniya a zagayen farko a Maris ɗin 2015. Kafin nan an riga an karɓe wa Cook jagorancin wasannin yini guda an ba Eoin Morgan. Sabon shugaban hukuma, Colin Graves, ya yi kalaman da suka nuna cewa idan Pietersen ya dawo gasar cikin gida ya ci maki za a duba lamarinsa. Pietersen ya ajiye kwantiraginsa mai tsoka a gasar IPL ta Indiya, ya koma ƙungiyar Surrey, a watan Mayu ya ci 355 ba a fitar da shi ba a karawa da Leicestershire. A daren da yake da 326, ya gana da sabon daraktan kurket, wanda ba kowa ba ne illa Andrew Strauss. Strauss ya shaida masa ba zai dawo ba, washegari kuma ya gaya wa duniya dalili: babu yarda tsakanin Pietersen da hukumar. Ko ba komai, ya faɗa da bakinsa, ya kuma ɗauki nauyin maganar, abin da aka kasa yi wata 15 kafin nan.

Ingila ta karɓo kofin Ashes a wannan bazara da ci uku da biyu, Cook na jagoranci, Pietersen na kallo. Masu goyon bayan korar suna kafa hujja da wannan har yau, kuma hujja ce. Cook ya sauka a Fabrairun 2017 bayan ya jagoranci Test 59. Da zai yi ritaya a 2018, yana da maki 12,472, ya shaida wa BBC cewa ya amince da ajiye Pietersen, amma shawararsa ita ce a ba shi hutu na wani lokaci a bar ƙofa a buɗe, Downton ne ya fi son a yanke gaba ɗaya. Ya kuma nuna cewa bai ji daɗin yadda aka bar shi shi kaɗai yana shan suka ba.

A Janairun 2022 Ingila ta sake dawowa daga Ostireliya da kashi huɗu ba ko ɗaya. A wannan karon daraktan kurket Ashley Giles da koci Chris Silverwood da mataimakinsa Graham Thorpe ne suka fara tafiya. Kyaftin Joe Root ya tsira, aka kuma ajiye James Anderson da Stuart Broad, mutum biyun da suka fi kowa fitar da masu bugu a tarihin Test na Ingila, daga tawagar da za ta je West Indies, da sunan sabon zubi. An faɗi a can ma, Root ya sauka a watan Afrilu. Ben Stokes ya karɓi ragama, ya kuma nemi a dawo masa da su biyun. Ranar 2 ga Yuni a filin Lord's, a karawa da New Zealand, Anderson da Broad ne suka fara jifa.